Naci da taurin kai a Turanci: wace kalma ce yabo, wace ce suka?

Malamar Aji, Jega

Assalamu alaikum malamaina. Ina da tambaya kan Turanci, a taimaka. Lokacin rubuta wa 'yan SS3 takardar shaidar hali ya zo, kuma akwai yarinyar da nake so in ce tana da naci a kan karatu, irin wadda in lissafi ya gagare ta ba ta tashi sai ta ga bayansa. Ƙamus ɗin waya ya jero mini stubborn, obstinate, persistent, tenacious, dogged da determined kamar duk abu ɗaya ne. To abu ɗaya ne? Wacce ce yabo, wacce ce suka? Sannan yara suna yawan faɗuwa a daidai wannan wuri a tambayoyin kalma mafi kusa da ma'ana na WAEC da NECO, saboda haka ina son bayanin da zan iya ɗauka in kai aji. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Turanci, Argungu

Wa alaikumus salam ɗiyata. Abu na farko, kada ki kuskura stubborn ko obstinate ta shiga takardar yarinyar nan. Duk wanda ya karanta zai ɗauka kina gargaɗinsa ne cewa ba ta jin magana. Takardar shaida ba a goge ta, tana bin mutum har wurin neman aiki.

Kalmomin nan gida biyu ne, kuma hanyar rabe su mai sauƙi ce. Ki tambayi kanki: wanga mutum ƙi yake yi, ko ci gaba yake yi? Mai ƙi yana tsaye wuri ɗaya, ana ja yana tirjewa. Mai ci gaba yana tafiya, abu na tare shi yana komawa. Jakin da ya kafe a bakin gada da buhunan shinkafa a bayansa, a ja shi ta gaba a tura ta baya ya ƙi, shi ne gida na farko. Manomin da ambaliya ta cinye masa shinkafar damina, ruwa na janyewa ya sake yin iri ya tada injin ban ruwa don noman rani, shi ne gida na biyu. Mu a Hausa muna da wanga rabo: taurin kai da kafiya a gefe guda, jajircewa da dagewa da juriya a ɗaya gefen. Ƙamus ɗin waya ne kawai ya zuba su kwando ɗaya.

A gidan ƙi, stubborn ita ce ta yau da kullum, taurin kai ke nan. Hali ne da ke jikin mutum, ba sai an yi gardama da shi ba. Obstinate ta fi ta nauyi kuma ta fi zama a rubutu. Asalinta Latin ne, daga kalmar tsayuwa, wato wanda ya tsaya ya tare hanya. Ana amfani da ita ga wanda anka kawo wa hujja, ya gane hujjar, amma ya ƙi sakin ra'ayinsa. Kafiya ce tsantsa. Ba za ki ji an yabi mutum da ita ba.

A gidan ci gaba kuwa akwai huɗu da ya kamata ki riƙe, kuma kowace da inda ta sa nauyinta.

Determined tana magana ne a kan zuciya: ya ƙudurta, ya yanke shawara ba ja da baya. Ba ta ce ya fara aikin ba ma. Yaro na iya zama determined ya zama likita tun yana aji ɗaya.

Persistent tana magana a kan maimaici. An kore shi ya dawo, ya faɗi ya sake. Ita ce mafi kusa da naci namu.

Persevere, da sunanta perseverance, tana magana a kan wahala. Dole sai akwai abin da ke ciwo, aiki mai tsawo, sakamako mai nisa, mutum ya daure ya ci gaba. A cikinta akwai kalmar Latin da ta haifi severe, mai tsanani. Wanda ya ɗauki shekaru yana haddar Alƙur'ani, allo bayan allo, shi ke da perseverance. Ita kaɗai ce a cikinsu da ba a taɓa juya ta ta zama suka.

Tenacious tana magana a kan riƙo. Tushenta kalmar Latin ce ta riƙewa, wadda ta ba da tenant, ɗan haya mai riƙe da ɗaki, da tenure, wa'adin riƙon muƙami. Ki tuna masunci a kogin Matan Fada na nan Argungu ranar bikin kamun kifi, ya rungumi giwan ruwa a cikin taɓo, kifin na fizga, shi ko ya cije bai saki ba. Ko kaska a kunnen saniya. Abin da ya kama ba ya kuɓucewa. Shi ya sa ake yabon lauya ko ɗan jarida ko mai bincike da ita, kuma ana cewa "a tenacious memory" ga mai ƙwaƙwalwar da ba ta sakin abu.

Ga yarinyarki, yadda kika siffanta ta, perseverance da tenacious su ne nata. Determined ma ba laifi, sai dai ta yi yawa a takardun shaida har ta fara rasa gishiri.

Mai Fassara, Gusau

Baba ya kafa tubali mai kyau, Allah Ya ƙara lafiya. Amma Baba, da izininka, akwai wurare biyu da rabon nan ke yoyo, kuma a nan ne masu fassara da ɗalibai suke zamewa.

Na ɗaya, persistent ba kullum take yabo ba. Fuska biyu gare ta, daidai da naci. Bahaushe ya ce naci damben kuturu, yana yaba wanda ba shi da ƙarfi amma ya ƙi bari. Shi ne kuma zai ce wa yaro, kai ka cika naci, yana nufin ka ishe ni. Haka Turanci. "A persistent student" yabo ne. "A persistent caller" shi ne mai kiran wayar da ya hana ka sakat. "A persistent offender" kuwa a bakin kotu mai laifin da ake kamawa yana komawa ne. Da zarar an ɗora ta a kan abin da ba mutum ba, kusan kullum abin ƙi ne: "persistent cough" tarin da ya ƙi tafiya, irin wanda ma'aikatan lafiya ke cewa in ya kai mako 2 a je a yi gwajin tarin fuka, "persistent rain" ruwan da ya wuni yana zuba, "persistent rumours" jita-jitar da ta ƙi mutuwa. Kowa ya saba ganin "if symptoms persist" a jikin kwalin magani. Ma'anarsa in ciwon ya ci gaba, ba wai ciwon yana da ƙwazo ba. Don haka Malama, idan za ki sa persistent a takardar yabo, ki ɗaure ta da abin kirki a gabanta, kamar "persistent in her studies". Kada ki bar ta tsirara.

Na biyu, stubborn ba kullum take suka ba. Idan masanin tarihi ya rubuta "stubborn resistance" a kan yadda Kanta, sarkin Kabi, ya tirje wa Askiya na Songhai a ƙarni na 16, yabo yake yi. Haka mai sharhin ƙwallo in ya ce "a stubborn defence", yana nufin 'yan bayan sun ƙi ba da ƙofa. Ƙa'idar ita ce: in abin da aka ƙi abin ƙi ne, kamar mamaya ko zalunci, taurin kan ya koma jarumta. Amma wannan a kan aiki ne ko a kan jama'a. A ɗora ta kai tsaye a kan mutum ɗaya, a ce "she is stubborn", ta koma gidanta na suka. A kan abubuwa kuma tana nufin abin da ya ƙi fita: tabon goro a farar shadda "stubborn stain" ne, ƙuduji a gonar dawa ko kiri-kiri a fadama "stubborn weed" ne.

Akwai kuma wata matsala da ta fi waɗannan yawa a wurinmu. A Turancin Nijeriya ana ce wa yaro stubborn in yana hawa katanga, yana tsokanar 'yan'uwa, yana gudun aike. Wannan ƙiriniya ce da rashin ji, ba taurin kai ba. A daidaitaccen Turanci, wanda shi ake gwadawa a jarrabawa, mai ƙiriniya naughty ne ko mischievous, mai ƙin bin umarni disobedient, wanda ya gagari aji unruly. Yaro na iya zama shiru-shiru, ba ya taɓa kowa, amma in ya ce ba zai ci tuwon ba ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ci ba. Shi ne stubborn na gaskiya. Ɗalibin da ya taso da ma'anar gida zai ga stubborn a tambaya ya zaɓi troublesome, ga obstinate a ƙasa tana kallonsa.

Tunda aikina labarai ne, bari in ƙara waɗanda ke fitowa a jaridu, don 'yan SS3 suna haɗuwa da su a nassin fahimta.

Adamant ita ce ya ƙeƙasa ƙasa, ya kafe a kan magana ɗaya takamaimai. Ba hali ba ce, matsayi ne na lokacin. Mutum mai sauƙin kai ma yana iya zama adamant cewa bai karɓi kuɗin ba. Asalinta sunan dutse ne mafi tauri a Girkanci, tushe ɗaya da diamond, lu'ulu'u. Intransigent ta teburin sulhu ce: ɓangaren da ya ƙi sassautawa ko da taku ɗaya, kamar a tattaunawar ƙungiyar ma'aikata da gwamnati lokacin yajin aiki. Ta shigo Turanci daga Sifaniyanci, laƙabin wasu 'yan siyasa masu tsattsauran ra'ayi na shekarun 1870. Recalcitrant ita ce kangararre, mai bijire wa na gaba da shi. A Latin ma'anarta mai harbi da dugadugi, wato shurin jaki ko doki, kuma da an gaya wa yara haka ba sa mantawa. Sharaɗinta a sami hukuma ko shugaba da ake bijire wa: ɗalibi ga malami, mai bashi ga kotu. Ba a ce wa uba recalcitrant a kan ɗansa. Obdurate ta zuciya ce, ƙeƙasasshiya, an roƙa an yi magiya ta ƙi laushi. Headstrong kuwa mai yin gaban kansa ne, galibi matashi, ba ya tsayawa jin shawara. Ku lura wannan ba ya tsaye kamar jakin Baba, a guje yake, linzami ne ba ya ji. Pig-headed zagi ne kai tsaye, ba ta shiga rubutun jarrabawa ko wasiƙar ofis, balle a wurinmu da ambaton alade kaɗai ya isa faɗa.

Abin da ya fi wahalar koyarwa shi ne, sau da yawa halin ɗaya ne, mai magana ne ya bambanta. Masanin falsafar nan na Ingila, Bertrand Russell, ya taɓa misalta shi a wani shirin rediyon BBC a 1948: ni firm ne, kai obstinate ne, shi kuwa pig-headed ne. Wato ni mai tsayin daka, kai mai kafiya, wancan kuwa dabba. Idan jaridu biyu suka ba da labarin shugaban ƙungiya ɗaya, wata ta ce resolute wata ta ce intransigent, ba shugaban ne ya canza ba, kowace ta nuna maka inda ta karkata. Mai fassara da ya mayar da su duka "ya dage" ya ɓatar da rabin labarin.

Malama Mai Duba Takardu, Talata Mafara

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanwata ta Jega, ma'ana an gama miki ita. Ni zan taɓa inda maki ke zubewa a zahiri, domin yaro na iya sanin ma'ana sarai ya gina jimlar a karkace.

Kowace kalma da abin da take ja a bayanta, kuma ba a musanya su. Insist tana jan on sannan aikatau mai -ing: "he insisted on paying". Ko ta ja that da cikakkiyar jimla: "he insisted that he had paid". Abin da yaranmu ke rubutawa shi ne "he insisted to pay", kuma kuskure ne duk inda ya fito. Dalilinsa a bayyane yake, a Hausa muna cewa ya nace sai ya biya, sai yaro ya ɗauki "to" a matsayin sai. Persist tana jan in da -ing: "she persisted in asking". Tana kuma karɓar with in suna ne ya biyo: "they persisted with the plan". "Persist on" babu ita, aro ne daga insist. Persevere tana tafiya da with ko in, ko ta tsaya ita kaɗai: "she persevered". Ba ta ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, kai tsaye, don haka "he persevered the hardship" ba daidai ba ne, wanda ke son wannan ginin endure yake nema. Determined ita ce mai jan to: "determined to pass". Kuma dole a sa mata is ko was a gaba da -ed a baya. "She determine to pass" na cikin kurakuran da suka fi cika takardun insha'i. Adamant tana jan that ko about.

Wani abin lura: persist na mutum ne da na abu, persevere ta mutum ce kawai. Zazzaɓi yana persist, fari yana persist, amma ruwan sama ba ya persevere, domin ba shi da zuciyar da zai daure.

Sai 'yan ukun nan da kunne ke haɗawa: persistent, insistent, consistent. Ta farko mai komawa ne. Ta biyu mai matsa wa wani lamba da baki, sai an yi abin da yake so. Ta uku ba ta da alaƙa da naci ko kaɗan, tana nufin wanda bai sauyawa, jiya da yau ɗaya. Yarinyar da ke cin 70 kowane zango consistent ce. Wadda ta ci 30, ta sake ta ci 45, ta sake ta ci 60, persistent ce. Ki rubuta waɗannan lambobi a allo, bambancin zai zauna musu fiye da kowane dogon bayani.

Rubutu. Stubborn b biyu ce, stubbornness kuma b biyu da n biyu. Persistent da persistence e ce ke bin t ta tsakiyarsu, ba a ba. Abin da ke ruɗa yara shi ne resistant da resistance da a suke, ga su kamar 'yan ɗaki ɗaya. Perseverance ba ta da r kafin v, amma za ki ga "perserverance" ko a allon tallan makarantu. Sunan obstinate shi ne obstinacy, na tenacious shi ne tenacity. Wilful, wadda ita ma taurin kai ce, a rubutun Ingila l ɗaya ce a tsakiya, a na Amurka biyu. Ko wanne yaro ya ɗauka, ya tsaya a kansa har ƙarshen takarda.

Furuci, saboda takarda ta uku ta WAEC mai tambaya 60 tana gwada inda nauyin kalma ke sauka. Persevere nauyinta a gaɓar ƙarshe yake, pa-si-VIYA. Perseverance a ta uku. Persistent, tenacious, tenacity, determined, recalcitrant da intransigent duk a ta biyu. Stubborn, obstinate, adamant da resolute a ta farko. Ƙarshen obstinate gajere ne, OB-sti-nat, ba "neit" ba. Determined ana ƙare ta da "mind" mai gajeren i kamar a kalmar Hausa minti, ba "maind" ba, kuma wannan kuskure har a bakin manya yake. Sai namu na gida: p ta koma f, v ta koma b, persevere ta zama fasibiya. Gyaran p shi ne a riƙe 'yar takarda a gaban baki, leɓɓa biyu su haɗe su fashe takardar ta motsa sau ɗaya. Gyaran v shi ne haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, maƙogwaro na rawa. Minti 2 a farkon kowane darasi na mako guda ya isa a ji canji.

Dogged tana da tarko na musamman. In siffa ce gaɓa biyu ce, DO-gid, kamar wicked da naked da rugged. In aikatau ce gaɓa ɗaya ce, kuma ma'anar ta juye gaba ɗaya: "dogged by illness" na nufin ciwo na bin sa duk inda ya sa ƙafa. Rubutu ɗaya, furuci biyu, ma'ana biyu. Alamar gane ta biyu ita ce by a bayanta, ko kuma karɓau.

A nassin fahimta, inda ake cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata yadda aka yi amfani da ita, sharuɗɗa biyu ne ke kayar da yara. Dole amsar ta zo da siga ɗaya da kalmar: in an ba da doggedly a kawo persistently, ba persistent ba; in an ba da persisted a kawo continued, ba continue ba. Kuma amsa ɗaya ake so. Wanda ya jera biyu, ɗaya daidai ɗaya kuskure, ya rasa makin. Ki koya musu su mayar da amsarsu cikin jimlar su karanta a zuci kafin su rubuta. Haka a tambayoyin kishiyar ma'ana, jimla ce ke yanke hukunci: kishiyar "obstinate man" ita ce flexible ko yielding, amma kishiyar "persistent rain" ita ce intermittent ko occasional.

Yadda zan ba ki shawarar tsara darasin minti 40: kada ki wuce kalma 8, huɗu daga kowane gida. Ki ja layi a tsakiyar allo, hagu ƙi, dama ci gaba. Minti 10 na farko a yi da Hausa zalla, yara su kawo taurin kai, kafiya, naci, juriya, su faɗi wanda suke so a kira su da shi da wanda ba sa so. Minti 15 ki ɗora kalmomin Turanci a kan nasu, kowace tare da abin da take ja a bayanta, kada a rubuta insist ba on. Sauran minti 15 kowa ya gina jimla 4 a kan abin da ya sani, gona, kasuwa, gida. Su adamant da recalcitrant a bar su sai mako na gaba. In aka zuba 15 a zama ɗaya, washegari duk sun koma "taurin kai" a kan yaran, an dawo inda ƙamus ɗin waya ya tsaya.

Malamar Aji, Jega

Kai, madalla. Baba, Malam, Yaya, Allah Ya biya ku. Ga abin da na tsara, a duba mini: "She is a dogged and persistent student who always insist to solve every problem and she has resilience." Na sa dogged ne saboda ina yawan ganin doggedness a jaridu in ana yabon manya.

Malama Mai Duba Takardu, Talata Mafara

Ƙanwata, gyara biyu na nahawu: insists da s, domin mutum ɗaya ce, sannan on solving, ba to solve ba. Amma ni da zan ba ki shawara ki cire insist gaba ɗaya. Tana ɗauke da ƙamshin matsa wa mutane, kamar yarinyar tana hana wasu taɓa allo.

Tsohon Malamin Turanci, Argungu

Ɗiyata, kin tara siffa biyu masu aiki ɗaya, ɗaya ta isa. Kuma resilience ba ta cikin wanga gida. Ita farfaɗowa ce bayan bugu, kamar gero da iska ta kwantar da dare, hantsi na yi ya miƙe. In yarinyar ta yi rashin uwa ko ta yi doguwar jinya ta dawo ta kamo 'yan ajinsu, to ki sa ta. In ba haka ba ki bar ta, kada mai karatu ya tambayi wace musiba ce ta same ta.

Dogged yabo ce, babu shakka, ko da yake daga kare ta fito. Bature na ganin karen farauta da ya ɗau sawu ba ya bari, shi ya sa ba ya jin komai a kanta. Sai dai yabo ne mai ɗan ragi: tana nuna mai jan aiki a hankali, da ƙarfin hali ba da kaifin basira ba, kamar san noma da ke bin kunya har faɗuwar rana. In yarinyar haziƙa ce, kalmar ta rage mata. Kuma ta fi zama a kan aiki bisa ga mutum: "dogged effort", "dogged determination".

Ga yadda zan rubuta: "She is a tenacious student who perseveres with difficult problems until she solves them." In kina son ta fi haka ƙarfi, ki biyo da jimla ɗaya ta abin da kika gani da idonki, wane darasi ne, makinta nawa a SS1, nawa a SS3. Mai karanta takardun shaida ya ga siffofi har ya gaji, lamba biyu ke tsayar da shi.

Mai Fassara, Gusau

Jimlar Baba ta zauna. Ƙari ɗaya kan dogged, Malama: takardar nan za ta bi ta hannun iyayen yarinyar kafin ta kai ko'ina. Uba a Jega da ya iya Turanci daidai gwargwado zai ga haruffa ukun farko, ya ce an haɗa masa ɗiya da kare, kuma ba kya nan balle ki yi bayani. Wannan kaɗai ya isa a ajiye ta. Idan kina son kalmar da za ta taɓa hali ba karatu kaɗai ba, akwai steadfast, tsayin daka a kan gaskiya da alkawari. Ita masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci kan ɗauko a wuraren haƙuri da istiƙama, don haka ba baƙuwa ba ce ga iyaye masu karatu. Tana jan in: "steadfast in her duties". Ki sa ta a sakin layin hali, ki bar tenacious a na karatu, kada su haɗu a jimla ɗaya.